MAI HOTO A CIKIN WASAN BIDIYO

Kwanan baya, bayan an tashi daga makaranta, wani ɗalibina ya nuna mini hoto a waya. Wani mahayi ne bisa doki, rana tana faɗuwa a bayansa, iska ta kwantar da ciyawa. Na tambaye shi wace ƙasa ce wannan, kuma wa ya ɗauka? Sai ya ce, "Malam, ni na ɗauka, a cikin gem." Yaron nan kuwa na taɓa kai ƙararsa wurin mahaifinsa saboda zaman shagon wasan bidiyo. Ran nan na ga ashe ya koyo wani abu a can wanda ban koya masa ba.

Ga wanda bai sani ba, yawancin manyan wasannin yanzu suna da sashen ɗaukar hoto. Da an taɓa maɓalli sai komai ya tsaya cik, mai gudu da ƙafa a sama, tsuntsu da fiffike a buɗe, sa'an nan a ba mai wasa kyamara ya zagaya da ita yadda yake so. Abin ba sabo ba ne, don wasan tseren motoci na Gran Turismo 4 ya zo da shi tun 2004. Amma ya yaɗu ne bayan 2013, lokacin da PlayStation 4 ta fito da maɓallin adana hoto a jikin abin riƙewa. Wasan da ɗalibina ya yi aiki da shi sunansa Ghost of Tsushima, na 2020, labarin harin da Mongol suka kai wa wani tsibirin Japan a 1274. A cikinsa mutum yana iya sauya lokaci, ya kawo hazo ko ruwan sama, ya juya iska, har ya sauya yanayin fuskar jarumin.

To, mai karatu zai ce ai wanda aka ba ikon tsayar da rana ba shi da sauran wahala. Ba haka ba ne. Yaron ya nuna mini hotunansa na farko, duk tarkace ne: jarumi a tsakiya kamar hoton fasfo, an ɗauko shi ta ƙeya, ga launi an cika kamar zanen atamfa.

Gyaran farko shi ne wurin tsayawa. Kyamarar wasa tana bin bayan jarumi ne daga ɗan sama, domin mai wasa ya ga hanya, ba domin kyau ba. Sai an ɗauke ta daga nan. A sauke ta kusa da ƙasa, doki ya yi kwarjini. A raba allo gida uku a zuci, a ajiye mutum a kan layin hagu ko na dama, a bar fili a gefen da yake kallo. A kuma duba bayansa, kada itace ya tsiro masa a ka. Mu da muka girma a zamanin mai hoto mai yawo da keke ranar salla mun san wannan. Fim ɗinsa hoto 36 kawai yake ɗauka, saboda haka sai ya durƙusa, ya matsa, ya kori yaran da ke leƙe, kafin ya danna sau ɗaya.

Haske ne ya fi ba yaron wuya. Ranar tsaka tana sa inuwa ƙarƙashin ido, ta daddale fuska, a wasa da a fili duka. Hantsi da la'asar sakaliya su ne lokacin mai hoto, don hasken yana zuwa ta gefe, ya fito da ƙirar abu. In an sa rana a bayan mutum, sai gefen jikinsa ya yi zaren haske, wanda shi ne sirrin hoton mahayin nan. Akwai kuma lambobi biyu da ya kamata a sani. Gilashi mai faɗi, kamar milimita 24, na daji da gari ne, in an matso da shi kusa yana kumbura hanci. Na fuska daga 50 zuwa 85 ne. Lambar f kuwa, in ƙarama ce kamar 2, baya zai yi dishi-dishi mutum ya fito shi kaɗai. In ta kai 11, kusa da nesa duk za su fito tar. Ni kaina sai da na koma littafin kimiyya, babin haske, kafin na gane dalili.

Sauran ƙananan abubuwa ne. A ɓoye rubuce-rubucen allo kafin a danna. A rage rinin launi. A adana a tsarin PNG in na'urar ta yarda, kuma in za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin takarda, don kada a matse hoton ya lalace.

Ranar wasannin makaranta na ba shi wayata na ce ya gwada a fili. Ya ɗauki wajen 40, uku ne suka yi kyau, yana ta ƙorafin masu tsere ba su tsayawa. Amma da aka zo hoton aji, shi ya hana a ɗauka da azahar, ya sa muka jira la'asar, ya jera mu gefen bishiyar dogon yaro. Lissafinsa dai har yanzu da sauran aiki, don haka muka shirya da mahaifinsa shago sai Asabar.