Ƙungiyoyin masu babur ɗin ƙanƙara a Kebek

Ƙungiyoyin masu babur ɗin ƙanƙara a Kebek ƙungiyoyi ne na sa-kai da ke buɗe hanyoyin hawa babur ɗin ƙanƙara, suna gyara su, suna kula da su a lardin Kebek na ƙasar Kanada. Yawansu ya kai kimanin 200, kuma suna ƙarƙashin uwar ƙungiya mai suna Fédération des clubs de motoneigistes du Québec, wadda aka fi sani da FCMQ, da aka kafa a 1974. Tsawon hanyoyin da suke riƙe da su ya kai wajen kilomita 33,000. Kaso mai yawa na waɗannan hanyoyi, musamman a kudancin lardin, yana ratsa gonaki da dazuzzukan mutane ne, kuma mai fili yana da ikon janye izininsa. Wannan ne ya sa neman yardar masu filaye da kiyaye ta ya zama babban aikin ƙungiyoyin, daidai da aikin gyaran hanyar kanta.

Abin hawan da sunansa

Babur ɗin ƙanƙara abin hawa ne mai inji da ake tuƙawa a kan dusar ƙanƙara. Ba shi da taya. A gaba yana da ƙafafu biyu dogaye masu sulɓi da ake juyawa da kan babur, a baya kuma akwai faffaɗan bel na roba mai haƙora, irin na katafila, wanda ke tura shi gaba. Yakan ɗauki mutum ɗaya ko biyu.

Da Faransanci, harshen mafi yawan mutanen Kebek, ana kiransa motoneige, haɗin kalmar babur da kalmar dusar ƙanƙara. A bakin talakawa kuwa sunan samfurin Ski-Doo ne ya zama sunan kowane irin babur ɗin, ko da na wani kamfani ne, kamar yadda sunan Omo ya zama sunan kowane garin sabulu a Hausa.

Tarihi

Joseph-Armand Bombardier, makaniki daga garin Valcourt, shi ne mutumin da aka fi danganta wannan abin hawa da shi a Kanada. An haife shi a 1907, ya rasu a 1964. A hunturun 1934 ƙaramin ɗansa ya rasu saboda dusar ƙanƙara ta toshe hanya, ba a iya kai shi asibiti ba. A 1937 Bombardier ya fitar da motar ƙanƙara mai ɗaukar mutum bakwai, sannan a 1959 kamfaninsa ya fara sayar da ƙaramin babur na Ski-Doo.

Cikin shekaru goma abin ya zama ruwan dare. A 1971 an sayar da babura kusan rabin miliyan, kuma kamfanonin da ke ƙera su sun haura ɗari. A lokacin babu keɓaɓɓun hanyoyi, kowa yana bin inda ya ga dama: ta cikin gonaki, kan layin dogo, kan tafkunan da suka daskare. Ana yanke shingen waya, ana firgita dabbobi, haɗurra suka yi yawa, manoma kuma suka fara kokawa. Ƙungiyoyin farko, waɗanda suka soma a shekarun 1960 a matsayin taron abokai, su ne suka fara zuwa gida-gida suna roƙon izinin wucewa ta wuri guda da aka shata, da sharaɗin kowa ya tsaya a kansa. Kafa FCMQ ya ba da damar haɗa waɗannan guntayen hanyoyi su zama tsari ɗaya.

Tsarin hanyoyi da kuɗin shiga

An kasa hanyoyin gida uku, kowanne da launin allonsa. Manyan hanyoyi da ake kira Trans-Québec suna da shuɗin allo, kuma su ne ke haɗa yanki da yanki: mai lamba 3 tana bin arewacin kogin Saint-Laurent, mai lamba 5 tana bin kudancinsa har zuwa yankin Gaspésie. Hanyoyin yanki suna da koren allo, na ƙauyuka kuma launin lemo.

Duk wanda zai hau hanyar sai ya sayi takardar izini, ta shekara ko ta 'yan kwanaki, a manna shaidarta a jikin babur. Kuɗin ya haɗa da inshorar ɓarnar da mahayi ka iya yi wa wani. Daga wannan kuɗi, da tallafin gwamnati wanda wani ɓangarensa ke fitowa daga kuɗin rajistar babura, ƙungiyoyi ke sayen mai da injuna da katako da alluna. Dokar lardin ta wajabta hular kwano, ta sa shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun tuƙi, ta kuma ƙayyade gudu a kilomita 70 cikin awa, sai dai inda allo ya nuna wani abu daban. Kusa da gidaje ana rage gudun sosai.

Aikin sa-kai

Mahayin da ya zo a Janairu ya tarar da hanya shimfiɗe kamar titi bai ga komai daga aikin da aka yi ba, domin mafi wuyarsa ana gama shi ne kafin dusar farko ta sauka. Daga Satumba zuwa Nuwamba masu aikin sa-kai ke shiga daji da injin yankan itace, suna kawar da bishiyoyin da iska ta kayar, suna sare rassan da suka rufe hanya. Ana duba gadoji a canza katakon da ya ruɓe, ana yashe kwalbatoci, ana cike wuraren da ruwa ya zaizaye. Bayan manoma sun gama girbi sai a kafa turaku masu launi a jere cikin gonaki don nuna iyakar hanya, a kafa allunan tsayawa da na kwana da na mahaɗar titi. A ƙarshen hunturu sai a bi a cire su duka, a kwashe shara, a mayar da ƙofofin shinge yadda aka same su kafin manomi ya fito da shanunsa ko tarakta.

Idan dusar ta taru, aikin ya koma kan injin daɓe. Wannan babbar mota ce mai bel ko tarakta da aka sauya wa ƙafafu, tana jan wani dogon ƙarfe mai wuƙaƙe a baya. Wucewar babura da yawa tana mayar da hanya tudu da kwari, kamar hanyar ƙasa da manyan motoci suka lalata. Wuƙaƙen suna aske tudun, su juya dusar, su cike kwarin, sannan farantin baya ya danne ta. Yawanci da dare ake yin wannan aiki, saboda dusar da aka daɓe tana buƙatar awoyi cikin tsananin sanyi ba tare da an taka ta ba kafin ta ƙanƙame. Direban yakan kwana shi kaɗai a daji yana tafiya a hankali. Wasu ƙungiyoyi suna biyan direbobin, wasu kuwa 'yan ƙungiya ne ke karɓa-karɓa. Injin guda yana cin dubban ɗaruruwan daloli, shi ya sa ƙananan ƙungiyoyi ke daɗewa da tsofaffi.

Akwai kuma masu sintiri na sa-kai da ƙungiyoyi ke ɗauka, waɗanda doka ta ba ikon tsayar da mahayi su duba takardunsa. Suna aiki tare da 'yan sandan lardin.

Masu filaye

Fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙasar Kebek mallakar gwamnati ce, amma filayen mutane sun taru ne a kudu, a kwarin Saint-Laurent, inda jama'a da garuruwa da otal-otal suke. Yadda aka raba gonaki tun zamanin mulkin Faransa ya ƙara wa lamarin wuya. Gonakin dogaye ne sirara, kowace ta faro daga bakin kogi ko bakin hanya ta miƙe ciki. Hanyar babur da ke tafiya daga gari zuwa gari tana yanka su ne a gicciye, saboda haka cikin 'yan kilomitoci za ta iya ratsa filayen mutane da dama. Idan ɗaya daga cikinsu ya ce a'a, hanyar ta yanke. Dole ƙungiya ta nemi zagaye, wanda kan buƙaci sabbin izini, sabuwar gada, ko izinin hukuma na bin gefen titin mota.

Izinin wucewa yarjejeniya ce a rubuce tsakanin mai fili da ƙungiya, kuma galibi kyauta ake ba da shi. Ƙungiyar tana ɗaukar alhakin inshora domin kada haɗari ya faɗa kan mai filin. Ban da wannan, abin da manomi ke samu kaɗan ne: godiya, wani lokaci liyafar cin abinci ko ƙaramar kyauta a ƙarshen shekara. Da yawa suna yarda ne don maƙwabtaka, ko don sun san kantuna da gidajen abinci na garinsu da masu yawon hunturu suke rayuwa.

Abin da ya fi sa a janye izini shi ne fita daga hanya. Ga mahayi, farin fili da babu sawu a kai ba komai ba ne illa wurin wasa. Ga manomi, wannan dusar bargo ce. Dusar da ba a taka ba cike take da iska, tana hana sanyi ratsa ƙasa. Da zarar babur ya danne ta, sanyin yakan shiga ƙasa sosai, ƙanƙara ta kwanta a kan shuka, sai ciyawar alfalfa da ake nomawa don shanun madara, ko alkamar da aka shuka kafin hunturu, ta mutu. Ba a ganin ɓarnar sai dusar ta narke, lokacin da layukan da babur ya bi ke fitowa a bushe a tsakiyar koren fili. A gonakin itatuwa, babur yana karya kan ƙananan dashe da dusa ta rufe. A dazuzzukan mepul, bishiyar da ganyenta ke jikin tutar Kanada, akwai siraran bututun roba da aka ja daga bishiya zuwa bishiya don tara ruwan da ake dafawa ya zama zuma mai kauri, kuma Kebek ce ke samar da wajen kashi 70 cikin ɗari na wannan zuma a duniya. Mahayi ɗaya da ya kutsa zai iya tsinka aikin kwanaki. Sai kuma ƙarar salansar da aka sauya da gangan, da gudu da tsakar dare a bayan gidaje, da shara.

Rashin daidaiton a fili yake: wanda ya yi ɓarnar sau da yawa baƙo ne da ya wuce cikin minti ɗaya da fuska a rufe, wanda zai je ya ba da haƙuri kuwa ɗan ƙungiya ne da ke zaune gari ɗaya da manomin. Ƙungiyoyi kan ja igiya ko raga a gefen hanya a wuraren da abin ya yi yawa, su kafa allunan gargaɗi cewa hanyar na iya rufewa.

Barin hanya yana kuma kashe mutane. A Janairun 2020 'yan yawon buɗe ido biyar daga Faransa da jagoransu sun mutu a yankin tafkin Saint-Jean, bayan ayarinsu ya bar hanyar da aka shata ya hau ƙanƙarar da ba ta da kauri kusa da mafitar tafkin.

Shari'a da takaddama

Ƙarar da ta fi shahara ita ce ta hanyar P'tit Train du Nord, tsohon layin dogo a yankin Laurentides da aka mayar hanyar shaƙatawa. Mazauna gefenta sun shigar da ƙarar haɗin gwiwa kan hayaniya da hayaƙi. A Nuwamban 2004 mai shari'a Hélène Langlois ta ba su gaskiya bisa tanadin dokar lardin game da cutar da maƙwabci, ta hana babura bin kilomita 38 tsakanin Saint-Faustin-Lac-Carré da Labelle, ta kuma ba da umarnin biyan diyyar dala 1,200 kan kowane hunturu ga waɗanda ke zaune cikin tazarar mita 100 daga hanyar. Majalisar lardin ta yi gaggawar kafa dokar da ta dakatar da irin wannan ƙara a kan manyan hanyoyi, aka yi ta sabunta ta shekaru da dama, abin da mazauna yankunan suka soka a matsayin tauye musu haƙƙin zuwa kotu.

Manoma ma sun gane nauyin izinin da ke hannunsu. Ƙungiyarsu, Union des producteurs agricoles, ta yi amfani da rufe hanyoyi wajen matsa wa gwamnati lamba: a ƙarshen 2010 kan sauye-sauyen inshorar kuɗin shigar manoma, da kuma farkon 2017 kan harajin filayen noma, inda gwamnati ta janye shirinta kafin rufewar ta fara aiki a faɗin lardin. A duka biyun rigimar ba da mahaya ake yi ba, amma su da masu otal ne suka shiga tsaka mai wuya.

Matsalolin yau

Masu aikin sa-kai suna tsufa, kuma ƙungiyoyi da dama na kukan ƙarancin matasa da za su gaje su. Kamfanoni suna sayar da babura masu dogon bel da aka ƙera don dusa mai zurfi, abin da ke jan mahaya su bar hanya. Mutanen birni da ke sayen filaye a karkara ba su da tsohuwar alaƙar da ta sa magabatansu suka ba da izini, don haka sayar da gona ɗaya kan jawo sabuwar tattaunawa daga farko. Hunturu kuma yana gajarta a kudu. A hunturun 2023 zuwa 2024, wanda ya zo da ɗumi sosai, hanyoyi da yawa sun buɗe a makare ko sun rufe da wuri.

Irin wannan tsari yana nan a maƙwabta. A lardin Ontariyo akwai tarayyar ƙungiyoyi ta OFSC, a jihar Vermont ta Amurka kuma akwai VAST, wadda aka kafa a 1967, inda kimanin kashi 80 cikin ɗari na hanyoyinta ke kan filayen mutane.