Waza-Logone: Fadamar da tsuntsayen Turai ke yin hunturu a cikinta

Daga watan Oktoba, idan sanyi ya fara kamawa a Turai, dubban tsuntsayen ruwa kan ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara su sauka a yankin tafkin Chadi. Ɗaya daga cikin manyan masaukansu shi ne fadamar Waza-Logone da ke yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, tsakanin iyakar Najeriya da ta Chadi.

Abin da ke jawo su shi ne ambaliya. A ƙarshen damina kogin Logone kan cika ya malale filayen ciyawa da Fulani ke kira "yayre". Idan ruwan ya fara janyewa sai ya bar tafkuna marasa zurfi cike da ƙananan kifaye, ƙwari da ƙwayar ciyawa. Da wannan abinci ne agwagin ruwa da masu dogayen ƙafafu ke yin ƙiba kafin su koma arewa wajen watan Maris domin yin ƙwai. A nan suke cuɗanya da 'yan gida irin su gauraka, dinya, kirinjijiya da kwasakwasa. Shamuwa kuwa tata tafiyar daban ce: da damina take zuwa, kuma kafin baƙin Turai su cika wurin ta riga ta nufi kudancin Afirka.

Wannan tsari ya taɓa lalacewa. A 1979 an gina madatsar ruwa ta Maga domin noman shinkafa, sannan fari ya biyo baya, ambaliya ta ragu ƙwarai. Kifi ya yi ƙaranci, makiyaya suka rasa ciyawar rani, tsuntsaye ma suka ragu. A 1994 aka sake buɗe wata hanyar ruwa da aka toshe, wani ɓangare na fadamar ya farfaɗo. A 2006 aka sanya ta cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Mai son kallon tsuntsayen, Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa, da sassafe ko da yamma lis. Mashigar da aka saba bi ita ce gandun dajin Waza mai faɗin murabba'in kilomita 1,700, kimanin kilomita 120 arewa da Marua. Ana shiga da ɗan jagora, a tanadi madubin hangen nesa da ruwan sha, a kuma guji hayaniya, domin duk tashin da tsuntsu ya yi a firgice yana cinye ƙarfin da yake tarawa don doguwar tafiya.

Sai dai tun bayan da Boko Haram ta sace wasu Faransawa bakwai kusa da gandun a Fabrairun 2013, masu ziyara sun ragu matuƙa. Wajibi ne a tuntuɓi hukumomi a Marua game da tsaro kafin a kama hanya.