Sansanonin hutun Kirista a Texas: farfaɗowa bayan ambaliya

A daren 4 ga watan Yulin 2025, Kogin Guadalupe da ke jihar Texas ta Amurka ya yi ambaliya, inda mutane fiye da 130 suka rasa rayukansu. Daga cikinsu akwai 'yan mata 25 da masu kula da su 2 a Camp Mystic, wani sansanin hutu na mabiya addinin Kirista. Tun daga lokacin ake ta muhawara a jihar kan yadda irin waɗannan wurare za su sake tsayawa da ƙafafunsu.

Mene ne sansanin hutu?

Al'ada ce da ta daɗe a Amurka, iyaye su tura 'ya'yansu wani wuri a bayan gari a lokacin dogon hutun makaranta na tsakiyar shekara. Yara kan shafe mako guda zuwa wata guda suna kwana a ƙananan ɗakuna, suna koyon iyo, da tuƙa kwalekwale, da hawan doki.

A sansanonin da coci-coci ko iyalan Kirista ke gudanarwa, akan haɗa wannan da addu'o'i da karatun Littafi Mai Tsarki. Wasu na yara ne zalla, wasu kuma iyali ne ke zuwa gaba ɗaya, uwa da uba da 'ya'ya.

An kafa Camp Mystic a 1926, kuma iyali guda ne suka riƙe shi tsawon shekaru da dama. Mata da yawa da suka yi ƙuruciya a wurin sun riƙa kai 'ya'yansu da jikokinsu. Laura Bush, matar tsohon shugaban Amurka George W. Bush, ta taɓa aikin kula da yara a can.

Me ya sa ruwan ya yi ɓarna haka?

Yankin na tuddai ne, ƙasarsa ba ta da zurfi, ƙarƙashinta kuma dutse ne. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, ƙasa ba ta iya shanye shi, sai ya gangara cikin kwazazzabai da sauri.

A wannan daren kogin ya ƙaru da kusan mita 8 cikin minti 45. Hukumar kula da yanayi ta ƙasar ta fitar da gargaɗi da ƙarfe 1:14 na dare, lokacin da yawancin 'yan matan da ke sansanin ke barci. Shugaban sansanin, Dick Eastland, ya mutu yana ƙoƙarin ceto wasu daga cikinsu.

Ba wannan ne karon farko ba. A watan Yulin 1987, matasa 10 sun mutu a wannan kogi kusa da garin Comfort, lokacin da ruwa ya rutsa da motocin da suka kwaso su daga wani sansanin coci.

Sai dai ba ko'ina aka yi asarar rai ba a 2025. A Mo-Ranch, wani sansanin cocin Presbyterian da ke karɓar yara da iyalai a wannan yanki, ma'aikata sun lura da yadda ruwa ke hauhawa, suka kwashe mutane kimanin 70 daga wani gini na bakin kogi zuwa tudu tun cikin dare. Babu wanda ya mutu a wurin.

Sabbin dokoki

Iyayen yaran da suka mutu sun je majalisar dokokin jihar da ke Austin, inda suka bayar da bahasi. A watan Satumban 2025 gwamna Greg Abbott ya sa hannu kan sabbin dokokin tsaron sansanoni, kuma an raɗa wa ɗaya daga ciki suna don tunawa da mutane 27 ɗin.

Dokokin sun hana bai wa sansani lasisi idan yana kwantar da yara a wuraren da aka san ambaliya na bi, sai a wasu yanayi ƙalilan. Sun kuma wajabta rubutaccen shirin kwashe mutane, da horar da ma'aikata da yara a kansa, da na'urorin karɓar gargaɗin yanayi da na sanar da kowa a lokaci guda.

Wasu masu sansanoni a yankin sun koka tun kafin a zartar da dokokin. Sun ce kuɗin rushe ɗakuna da sake gina su a tudu zai iya durƙusar da su, ganin cewa kusan duk abin da suke samu a watannin hutu ne kawai yake shigowa.

Gini ko amana?

Batun da ya fi zafi shi ne na sake buɗewa. A watan Satumban 2025 masu Camp Mystic suka sanar da niyyar buɗe ɓangarensa na Cypress Lake, wanda ruwan bai lalata ba, tare da gina wurin tunawa da mamatan.

Wasu iyalai sun yi maraba da hakan. A ganinsu, komawar 'yan matan wurin da suka saba, cikin ƙawayensu, wani ɓangare ne na warkar da raunin zuciya.

Amma wasu iyayen da suka yi rashi sun yi tir da shirin, musamman da yake a lokacin ba a kai ga gano gawar yarinya guda ba. A watan Nuwamban 2025 iyalai da dama suka shigar da ƙara, suna zargin masu sansanin da sakaci da kuma jinkirin kwashe yaran. Lauyoyin sansanin sun musanta zarge-zargen, suna cewa ruwan ya zarce duk wanda aka taɓa gani a wurin.

Wannan saɓani ya nuna inda wahalar take. Ɗakin kwana ana iya sake gina shi cikin 'yan watanni, amma jarin irin wannan wuri shi ne yardar uwar da ta miƙa ɗiyarta mai shekara 8 ga wasu, a inda galibi ba a barin yara su riƙe waya.

Sansanonin Kirista sukan yi wa jama'arsu magana da harshen imani, wato haƙuri da addu'a da sa rai. Iyayen da suka je majalisa, waɗanda da yawansu masu zuwa coci ne, ba su yi jayayya da hakan ba. Abin da suka nema shi ne amsar tambayoyi uku: a ina yaro zai kwana, wa ke sauraren gargaɗi da tsakar dare, kuma wa ke da ikon cewa a tashi kowa a hau tudu.