Abin Da Likitan Ciwon Daji Yake Nufi

Ba kowane ƙari ne sankara ba. Wani kan tsaya inda ya fito, ba ya taɓa maƙwabtansa. Mugun shi ne mai cin naman da ke kewaye da shi, ya bi jini ko hanyoyin kaluluwa ya yi ƙaura. Hoton asibiti kan nuna kumburi, amma biyofsi ke yanke hukunci: a tsakuro ɗan nama, a duba shi ƙarƙashin madubin likita.

Daga nan sai maganar mataki, 1 zuwa 4. Na 1 ƙarami ne, yana wuri guda. Na 4 ya riga ya kai hanta, huhu ko ƙashi, kuma abin takaici, a nan ne mata da yawa masu sankarar mama suke fara zuwa asibiti.

Kemoterafi magani ne mai farautar ƙwayoyin halitta masu saurin rabuwa. Tushen gashin kai ma haka yake, shi ya sa suma ke zubewa, ta kuma dawo bayan an gama. Rediyoterafi kuwa, wanda ake kira gashi, haske ne mai ƙarfi da ake saitawa daidai kan ƙarin. Ana yin sa a Asibitin Ƙasa da ke Abuja.