Amsar Wasiƙunku: Wai Da Gaske Akwai Roba Mai Wayo?

Wasiƙu biyu muka haɗa a wannan mako. Ta farko daga wani ɗan kasuwa ce a Babura, yana tambaya ko gaskiya ne masana suna ƙera roba da yadi masu jin zafi da sanyi kamar mai rai. Ta biyu kuwa wani manomi ne daga Gwiwa, an yi masa tallar wani gari wai in an zuba a gona yana riƙe ruwa, yana son ya ji ko ya saya.

To malamai, gaskiya ne, amma fa ba ƙwaƙwalwa gare su ba. Ku dubi ganyen gyaɗa, da dare ya yi sai ya rufe, gari ya waye ya buɗe. Ganyen dawa kuma nannaɗewa yake yi in ƙishi ya kama shi, don kada rana ta ƙarasa shanye ruwan jikinsa. Ba tunani suke yi ba, ƙirarsu ce haka. Wannan dabara masana suka kwaikwaya: a haɗa abu yadda zafi, ko ruwa, ko wanki zai sa ya canza da kansa, canjin kuma ya zama shi ne aikin da ake bukata. A 2016 ma masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun ƙera wata 'yar na'ura mai laushi, ba batir ba waya, tana motsi da kanta. Amma ba sai mun je Amurka ba, irin waɗannan kaya suna nan a garuruwanmu.

Na farko yana jikin kwalbar allurar rigakafi. In kun lura akwai wani ɗan da'ira a jikin takardar kwalbar, a tsakiyarsa da ɗan murabba'i mai haske. Murabba'in nan an shafa masa sinadarin da ke yin duhu a hankali gwargwadon zafin da ya sha, kuma in ya yi duhu ba ya komawa. Wato yana riƙe da lissafin duk zafin da maganin ya gamu da shi tun daga masana'anta. An fara liƙa shi a maganin shan inna a 1996. Dalili kuwa, yawancin magungunan rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, alhali a bazara zafinmu yakan wuce digiri 40, ga tafiya a kan babur daga Kazaure zuwa ƙauyukan Roni. Ƙa'idar mai sauƙi ce. In murabba'in ya fi da'irar haske, zafi bai lalata maganin ba, muddin wa'adinsa bai wuce ba. In launinsu ya zo ɗaya, ko murabba'in ya fi duhu, ba a amfani da shi. Iyaye, ba laifi ba ne ku roƙi malamin asibiti cikin ladabi ya nuna muku. Irin wannan kula na cikin abin da ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Na biyu gidan sauro ne mai magani. Akwai irin da ake dama maganin cikin robar tun kafin a ja zaren, kamar Olyset na wani kamfanin Japan, wanda hukumar ta amince da shi a 2001. In an wanke, maganin da ke saman zaren ya tafi, sai na ciki ya riƙa tsattsafowa ya maye gurbinsa. To amma rijiya ma in an matsa mata da ɗiba ƙafewa take yi. An auna gidajen nan ne su jure wanki kamar 20 da aikin shekara uku. Saboda haka a wanke da sabulu mai sauƙi, ba kullum ba, a kuma shanya a inuwa.

Yanzu sai kai malam na Gwiwa. Garin da aka yi maka talla ɗan'uwan wanda ke cikin famfas na jarirai ne. Masana aikin gona na Amurka sun fito da irinsa wajen 1970. Yana iya shan ruwa ninki ɗaruruwa na nauyinsa ya kumbura kamar kamu, ƙasa ta bushe sai ya riƙa sakin ruwan ga saiwa. Sai dai ga abin da mai talla ba lallai ya faɗa maka ba. Ba ya ƙirƙiro ruwa, wanda ya samu kaɗai yake riƙewa, don haka ba zai fid da gero daga doguwar fari ba. Gishiri da takin zamani suna rage masa ƙarfin sha ƙwarai. Kuma abin da zai ishi kadada guda a jigawa irin tamu kuɗi ne mai yawa. Inda ya fi biyan kuɗinsa shi ne wajen renon iri da dashen itatuwa, kamar mangwaro ko darbejiya.

Shawarata, kada ka sayar da akuya a kansa. Sayi kaɗan, ka gwada a kunya biyu ko uku, ka bar na kusa da su ba ka sa ba, ka ga bambanci da idonka. Ka kuma tuntuɓi malamin gona na yankinku. Kada a manta, takin gida da karan da aka bari ya rufe ƙasa su ma suna riƙe laima, kuma ba sai an je kasuwa ba.

Kayan nan dai komai wayonsu aiki ɗaya kowanne ya iya, sauran ya rage ga mai amfani da shi. A ci gaba da aiko da wasiƙu. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.