Tommy Tedesco: Makaɗin Hayar Da Ya Ɗauki Jita A Matsayin Jari

Miliyoyin mutane a duniya sun sha jin amon jitar Tommy Tedesco ba tare da sun taɓa jin sunansa ba, domin sana'arsa ita ce kiɗan haya a ɗakunan ɗaukar waƙa na birnin Los Angeles da ke ƙasar Amurka, inda ake biyan makaɗi ladan sa'o'in da ya yi, faifai kuma ya fita da sunan wani.

An haife shi a garin Niagara Falls na Jihar New York a 1930. A shekarun 1960 ya zama jigo a cikin rukunin makaɗan haya da daga baya aka yi wa laƙabi da Wrecking Crew, waɗanda suka yi wa mawaƙa irin su Elvis Presley da Frank Sinatra da Beach Boys kiɗa. Har ila yau ya kaɗa jita a taken shirye-shiryen talabijin na Bonanza da Batman.

Dalilin da ya sa kamfanonin faifai suka dogara da irinsa dalili ne na kuɗi. Hayar ɗakin ɗaukar waƙa tana da tsada, zama guda kuma bisa ƙa'idar ƙungiyar makaɗa sa'a 3 ne. Saboda haka makaɗin da zai dubi rubutaccen kiɗa ya kaɗa shi nan take ba kuskure ya fi wa kamfani araha, ko da ladansa ya ninka na wani. Tedesco ya yi fice wajen saurin karatun nan.

Bugu da ƙari, ƙa'idar ta tanadi ƙarin lada ga wanda ya kaɗa kayan kiɗa fiye da ɗaya a zama guda. Sai ya riƙa ɗaure tsirkiyoyin banjo da mandolin da makamantansu bisa tsarin jita, yadda duk wanda aka nema zai iya kaɗawa, ladan kuma ya shiga aljihunsa. A filin da yake rubutawa a mujallar Guitar Player kuwa, yakan bayyana aikin da ya yi, da sa'o'in da ya ɗauka, da kuɗin da aka biya shi, tamkar ɗan kasuwa mai buɗe littafin cinikinsa.

Sai dai kasuwar ta juya a shekarun 1970, lokacin da mawaƙa suka koma yi wa kansu kiɗa. Tedesco ya mayar da ƙarfinsa ga kiɗan fina-finai da talabijin, har zuwa 1992 da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya dakatar da shi. Ya rasu a 1997 sakamakon sankarar huhu, yana da shekara 67.

Ɗansa Denny ya kammala fim a kan waɗannan makaɗa a 2008, amma bai shiga kasuwa ba sai 2015, saboda tsadar izinin amfani da waƙoƙin da ke ciki. Sai da ya nemi gudummawar jama'a a 2013, ya tara sama da dala 300,000, kafin ya iya biyan masu haƙƙin mallakar waƙoƙin, ciki har da waɗanda mahaifinsa ya kaɗa da hannunsa.