Ko Kun Sani? Iskar Saman Ruwa Na Yaudarar Ido

Ko kun san cewa mai kallo ta saman ruwa yakan hango abin da ya kamata a ce lanƙwasar duniya ta ɓoye masa?

A shekarar 1838 wani Bature, Samuel Rowbotham, ya shiga kogin Old Bedford na Ingila, miƙaƙƙiyar hanyar ruwa da aka haƙa, ya riƙe tabaron hangen nesa dab da ruwa. Ya bi wani kwalekwale mai tuta da kallo har mil 6, bai ɓace masa ba. Sai ya yanke hukuncin cewa duniya a shimfiɗe take.

Bai yi lissafi da iska ba. Wadda ke kwance kan ruwa mai sanyi takan fi ta samanta sanyi da nauyi. Haske in ya ratsa irin wannan iska sai ya karkato ƙasa, ya bi lanƙwasar duniya, ya kawo wa ido hoton abin da ya riga ya faku. Dangin kawalwalniyar da ake gani kan kwalta da tsakar rana ne, sai dai a can iskar ƙasa ce mai zafi.

A 1870 John Hampden, wani mai ra'ayi irin na Rowbotham, ya sa fam 500 ga duk wanda ya tabbatar ruwa na lanƙwasa. Alfred Russel Wallace, wanda ya taɓa aikin safiyo, ya je wannan kogi, ya ɗaga awon zuwa ƙafa 13 sama da ruwa don kauce wa yaudarar iska, ya kafa alama a tsakiyar tazarar. Alamar tsakiyar ta fito sama da awon gefe biyu. Alƙalin gasar ya ba Wallace nasara, Hampden kuwa ya ƙi yarda, ya yi ta ɓata masa suna har aka ɗaure shi a kurkuku.